Gidan Mambayya da Gidajenmu na Zango

A unguwar Gwammaja da ke birnin Kano akwai gidan da ake kira Mambayya. A nan Malam Aminu Kano ya zauna, jagoran talakawa a jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950, daga baya kuma PRP. Da ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, a cikin gidan aka binne shi.

Gidan bai zama kango ba. Yau yana hannun Jami'ar Bayero a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, an adana ɗakin Malam da kayansa, ɗalibai na zuwa su ga yadda shugaba ya rayu ba tare da tara abin duniya ba. Abin da ya tsare shi shi ne samun hukumar da ta ɗauki nauyinsa.

Mu fa a nan Ankara? Mun san Malam Bako ne ya kafa Sabon Zango, Malam Amadu Futa kuma ya kafa Nima. Gana ta shigar da ganuwoyin bakin teku cikin kundin UNESCO tun 1979, amma gidajen magabatanmu na jiran ranar rabon gado, ga filaye sun yi tsada.

Ya kamata sarakunan zango da magada su zauna, a rubuta tarihin kowane gida tun dattawan da suka san shi suna raye, a nema masa kariyar hukumar adana kayan tarihi. In an rushe zaure, labarinsa ma ya bi shi.