Zazzau da Sana'ar Tuƙin Jirgin Sama

Birnin Zazzau, wanda ganuwarsa ta kewaye unguwannin malamai irin su Juma da Kona, inda ɗalibai suka daɗe suna tahowa daga nesa da buzu da gafaka, shi ne Allah Ya ƙaddara zai karɓi baƙuncin wani irin ilmi da magabata ba su taɓa tsammani ba. A shekarar 1964 gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumarta mai kula da sufurin sama, ta kafa makarantar koyon tuƙin jirgi a filin jirgin Zariya, arewa da birni wajen Palladan, inda ƙasa take shimfiɗe, sama kuwa babu cunkoso irin na Kano da Ikko.

Tun da jiragen sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar a 1925, tuƙin jirgi ya kasance sana'ar Turawa, har kamfanin Nigeria Airways da aka kafa a 1958 da su ya fara. Manufar makarantar ita ce ɗan ƙasa ya gaje su, kuma tsarin da aka bi yana da hikima ƙwarai. A wancan lokaci Nigeria Airways, kamfanin gwamnati, shi ke ɗaukar nauyin ɗalibi, in ya sami lasin ya zaunar da shi a kujerar dama kusa da kyaftin, ya yi shekaru yana tara sa'o'in tashi, yana jigilar alhazai daga Kano zuwa Jidda, yana ganin yadda manya ke yi da hazo da hadari, kafin a yarda a danƙa masa rayukan bayin Allah. Wanda ya san zaurukan cikin birni ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin sauke littafi daban, mulazamar malami har a sami ijaza daban. Daga wannan makaranta Chinyere Kalu ta fito, mace ta farko a Nijeriya da ta sami lasin tuƙin jirgin kasuwanci, daga baya kuma ta shugabanci makarantar.

Bashi da almubazzaranci suka cinye Nigeria Airways, ya daina aiki a 2003, daga baya aka rushe shi, ma'aikatansa suka yi shekaru suna jiran hakkinsu, da yawa suka riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba. Asarar da ba a cika ambata ba, wadda a ganina ta fi ta jirage ciwo, ita ce ta wancan tsari na reno. Kamfanonin 'yan kasuwa, irin su Kabo da Max Air da Azman, sun ɗauki jigila, amma ɗan kasuwan da ke fama da bashin banki gwani yake nema wanda zai tashi da jirgi gobe da safe.

Daga nan muhawarar yau ta samo asali. Masu kamfanoni suna kukan ƙarancin matuƙa, suna ɗauko baƙi suna biyansu da dala, ƙwararrun gida kuma suna ƙaura zuwa ƙasashen Larabawa inda albashi ya fi tsoka. Alhali ga samari da lasin Zariya a hannu zaune a gida, saboda kowane samfurin jirgi yana buƙatar horo na musamman mai cin miliyoyi, galibi a ƙasar waje, wanda ɗan talaka ba ya da halinsa. Lalle akwai ƙaranci, amma na kyaftin ne, kyaftin kuwa sai an rene shi.

Wasu na ɗora tsadar tikiti a kan albashin matuƙa, kuma ban ga adalci a wannan ba. Lokacin da kamfanoni suka mai da mafi ƙarancin kuɗin tikiti naira 50,000 a watan Fabrairun 2022, hujjar da su kansu suka kawo ita ce tsadar man jirgi da wahalar samun dalar sayen kayan gyara.

Makarantar ta sayo na'urar kwaikwayon tuƙin Boeing 737 domin a riƙa yin wancan horo na musamman a Zariya maimakon ƙetare. Ƙoƙari ne abin yabo, sai dai na'ura ba ta ba saurayi kujerar dama, kuma har yanzu ba a daidaita kan wanda zai ɗauki nauyin shekarunsa na farko ba, gwamnati ko kamfanoni.