Tagwayen Aleem da Silsilar da ta Haɗa Disko da Elektiro a Birnin New York, 1979–1987

Tsakure

Wannan maƙala tana bin diddigin aikin Taharqa Aleem da Tunde Ra Aleem, tagwaye mutanen unguwar Harlem, waɗanda suka kafa kamfanin faifai na NIA, domin a warware wata mas'ala da marubuta tarihin kiɗan Amurka suka daɗe suna yi wa hukunci cikin gaggawa, watau ko elektiro ya tsiro ne a kan kushewar disko, ko kuwa disko ne da kansa ya sake tufafi. Abin da aka rinjayar a nan shi ne magana ta biyu, hujjar kuwa tana cikin faya-fayan da tagwayen suka fitar tare da mawaƙi Leroy Burgess.

Muƙaddima

Duk wanda ya nemi sunan Aleem a littattafan tarihin kiɗa, galibi a babin Jimi Hendrix zai iske shi, domin kuwa waɗannan tagwaye, waɗanda a da aka san su da Albert da Arthur Allen, sun yi abota da shi tun a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da yake yawo a Harlem ba wanda ya san shi, suka kuma yi masa amshi da sunan Ghetto Fighters a waƙoƙi irin su "Freedom" da "Dolly Dagger", waɗanda aka fitar a 1971, bayan rasuwarsa a Landan ranar 18 ga Satumba, 1970. Sun bayyana a fim ɗin tarihinsa na 1973 suna ba da labarinsa, daga nan fa aka mayar da su maruwaita, mutanen da ake zuwa wurinsu a ji abin da wani ya yi, ba a tambayar abin da su suka yi. Alhali kuwa shekara tara bayan wannan rasuwa suka buɗe wani aiki nasu na kansu, wanda a ganina ya fi amshin da suka yi wa Hendrix tasiri nesa ba kusa ba, ko da yake na san masoya jita ba za su ji daɗin wannan magana ba.

Abin da magabata suka faɗa

Ruwayar da ta shahara, har ta kusa zama ijma'i a bakin 'yan jarida, tana da ƙafa biyu. Ta farko ita ce disko ya mutu ranar 12 ga Yuli, 1979, sa'ad da wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, ya sa aka tarwatsa tarin faya-fayan disko a filin wasa na Comiskey Park a Chicago, jama'a suka ɓarke cikin fili har aka fasa wasa na biyu na ranar. Ta biyu ita ce elektiro an haife shi a 1982 da "Planet Rock" na Afrika Bambaataa da Soulsonic Force, wanda Arthur Baker da John Robie suka yi aikinsa ga kamfanin Tommy Boy, aka ari karin sautinsa daga ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus, aka ɗora a kan na'urar ganga ta Roland TR-808. Idan aka haɗa ƙafafun nan biyu, sai a sami wani giɓi na shekara uku wanda ake ɗauka kamar zamanin fatara, sa'an nan a ce haske ya ɓullo daga Jamus.

Ba na musun aukuwar ko ɗaya daga cikin abubuwan nan. Abin da nake musu shi ne istinbaɗin da aka yi daga gare su. Dahl da jama'arsa ba masu zuwa gidajen rawa na New York ba ne, saboda haka ƙyamarsu ba ta hana kowa rawa a Paradise Garage ba, inda Larry Levan ya ci gaba da juya faifai har aka rufe gidan a 1987. Abin da ya auku na haƙiƙa shi ne cinikin faifai ya faɗi a 1979, manyan kamfanoni suka janye kuɗinsu, kalmar disko ta zama abin kunya a ofisoshinsu, sai kiɗan ya yi kamar kasuwar da aka kora daga dandali, ta koma lunguna tana ci: kamfanonin Prelude, West End, Salsoul, SAM, da ƙanana irin su NIA. Tim Lawrence, a littafinsa na 2016 game da dandalin rawar New York tsakanin 1980 da 1983, ya riga ya rushe zancen fatara da hujjoji masu ƙarfi, kuma a kan wannan ina bayansa. Sai dai shi hankalinsa ya fi karkata ga gidajen rawa da masu juya faifai da cuɗanyar da aka yi a ƙasan Manhattan, ni kuwa ina so in duba wurin da ake ƙera faifan tun kafin ya isa hannunsu. Game da masu jingina kome ga Kraftwerk, aibin maganarsu shi ne sun tabbatar da isnadin na'ura, suka manta da isnadin murya.

Hanyar bincike

An saurari abin da tagwayen suka fitar daga 1979 zuwa 1987 bi da bi, bisa tsarin shekaru, aka kuma karanta abin da ke rubuce a goshin faya-fayan, watau wa ya rubuta, wa ya tsara, wa ya rera. Hirarrakin da masu abin suka yi daga baya an karɓe su ne inda faifai ya gaskata su.

Murya ɗaya, kayan kiɗa suna sauyawa

A shekarar da aka ce disko ya mutu, a ita ce tagwayen suka fitar da "Hooked on Your Love" da sunan Fantastic Aleems, a kan kamfaninsu na NIA, Leroy Burgess yana jan baƙi. Wannan Burgess ba baƙo ba ne a Harlem, domin tun yana saurayi ya yi suna a ƙungiyar Black Ivory, wadda Patrick Adams ya tsara wa waƙoƙinta na farko a farkon shekarun 1970, kuma salon rerawarsa, mai hawa da sauka da jan numfashi irin na mawaƙan majami'un baƙar fata, shi ne ya ratsa ayyuka da dama na wancan zamani a ƙarƙashin sunaye dabam-dabam, kamar Convertion a 1980 da Logg a 1981. Faifan na 1979 disko ne tsantsa: makaɗa ne ke bugawa da hannu, ganga tana tafiya daidai wa daida, 'yan amshi suna karɓa, an kuma miƙe waƙar domin mai juya faifai ya sami inda zai haɗa ta da wata.

Shekara uku bayan haka, a "Get Down Friday Night" na 1982, sai mai sauraro ya ji ƙasan kiɗan ya fara sauyawa, sautin lantarki ya shigo ya karɓi wani kaso na aikin da hannu ke yi, saurin ya ɗan lafa, amma mai waƙar yana nan inda yake. Zuwa 1984, a "Release Yourself", sauyin ya kammala: gangar na'ura ce, kaurin sautin da ke ƙasa na na'ura ne, an kuma yayyanka muryar mawaƙin ana maimaita gutsurenta kamar wani abin bugawa, ta yadda babu wanda zai yi jayayya cewa wannan faifai elektiro ne. To, amma idan mutum ya kawar da kunnensa daga na'urorin ya bi muryar kaɗai, zai tarar da Burgess yana yin abin da yake yi tun 1979, da irin kiran nan da amsawa, da irin hawan nan zuwa ƙololuwa a ƙarshen baiti, ba tare da ya rage kome ba don ya dace da ƙarfe. Mutane uku ne, kamfani ɗaya, unguwa ɗaya, cikin shekara biyar. Babu inda silsilar ta yanke, kuma da disko ya mutu a tsakani, lalle da an ji wurin da aka yi ɗori.

A nan ne ya kamata a tambayi dalilin da ya sa aka koma ga na'ura, domin masu ruwayar Kraftwerk suna nuna kamar sha'awar zamani ce kawai. Disko na shekarun 1970, irin na MFSB a Philadelphia ko na Salsoul Orchestra ƙarƙashin Vincent Montana, yana bukatar makaɗa masu yawa, masu goge da masu busa, kowannensu da ladansa, ga kuma kuɗin hayar ɗakin ɗaukar sauti da ake biya bisa sa'o'i. Babban kamfani yana iya ɗaukar wannan nauyi muddin ciniki na tafiya; ƙaramin kamfani na mutum biyu ba ya iyawa. Na'urar ganga da fiyanon lantarki, da suka yi araha a farkon shekarun 1980, sun ba mai ƙaramin jari damar ci gaba da yin kiɗan rawa bayan masu babban jari sun gudu. Saboda haka larura ce ta fara kawo na'ura, sha'awa ta biyo baya, kuma su tagwayen, da suka ga abin ya karɓu, ba su tsaya a kan larura ba.

Shaidar haka ita ce a daidai lokacin da suke aiki da Burgess, suna kuma tsara wa Captain Rock faya-fayan gambara masu labarin sararin samaniya: "Cosmic Glide" a 1982, "The Return of Captain Rock" a 1983, "Cosmic Blast" a 1984. Na tsakiyar ya shiga kundi na farko na jerin Street Sounds Electro da Morgan Khan ya fara fitarwa a Ingila a 1983, wanda ta hanyarsa ne samarin Landan da Manchester da yawa suka fara sanin wannan kiɗa. Ke nan ɗaki guda ne yake fitar da abin da masu kantin faifai za su ajiye a kanta biyu dabam, kuma rarrabewar da aka yi daga baya tsakanin kiɗan masu rawar gidan disko da na 'yan rawar bakin titi ba ta da wani tushe a wurin waɗanda suka yi aikin.

Akwai wata ruwaya da ta cancanci a tsaya a kanta. Marley Marl, wanda daga baya ya zama jigo a tsara kiɗan gambara, ya sha faɗa a hirarraki cewa yana cikin aiki a kan wani faifan Captain Rock a ɗakin Unique Recording ne, yana ƙoƙarin kama guntun murya da na'ura, sai bugun ganga ya shiga bisa kuskure, nan take ya fahimci cewa ana iya ciro bugu guda daga tsohon faifai a gina sabon kiɗa da shi. Wannan habari ne na mutum ɗaya game da kansa, saboda haka ba zan ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma abin da faifai ya tabbatar shi ne a 1985 NIA ta fitar da "The Marley Marl Scratch" tare da MC Shan, ta kuma fitar da amsar da Sparky D ta mayar wa Roxanne Shanté a cikin sa-in-sar waƙoƙin Roxanne. Wanda ya fara da disko a 1979 ya wayi gari yana buga faifan su Marley Marl da MC Shan, kuma bai sauya adireshi ba.

Game da 'yan'uwantaka

Abin da zama tagwaye ya ƙara a nan, a fahimtata, shi ne ya tsaya a madadin jari. Ƙaramin kamfani yana bukatar wanda zai zauna a ɗakin ɗaukar sauti da wanda zai bi masu rarraba faifai da gidajen rediyo, kuma yana bukatar su amince wa juna a lokacin da kuɗi ba su shigo ba, abin da baƙi biyu sai da yarjejeniya da lauya suke samu. An ga makamancin haka a Boston, inda Michael Jonzun da ɗan'uwansa Maurice Starr suka yi "Pack Jam" a 1982, sa'an nan suka tsara wa New Edition "Candy Girl" a 1983, aka kuma gan shi a Milan, inda Carmelo da Michelangelo La Bionda suka tashi daga diskon D.D. Sound zuwa tsara wa Righeira "Vamos a la playa" a 1983. A duk wuraren uku, 'yan'uwa ne suka ƙetare daga wannan zamani zuwa wancan ba tare da sun tsaya jiran izinin babban kamfani ba. Su Aleem sai da abin ya bunƙasa sa'an nan Atlantic ta ɗauke su, ta fitar da kundin Casually Formal a 1986 da Shock a 1987, kuma a kunnena waɗannan sun fi gogewa amma ba su kai na NIA kaifi ba.

Iyakokin bincike

Wajibi ne a amsa cewa gida ɗaya ba ya zama hujja a kan gari duka, kuma misalai uku na 'yan'uwa ba su isa a kafa ƙa'ida ba, tun da Baker da Robie ba su haɗa uwa ko uba ba amma sun yi abin da suka yi. Goshin faifai ma yana ambaton tagwayen a haɗe, saboda haka wannan hanya ba ta iya rarrabe abin da Taharqa ya kawo daga abin da Tunde Ra ya kawo, haka kuma mai so yana iya cewa silsilar da na bi ta Burgess ce fiye da yadda take tasu. Wannan suka ta ƙarshe tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta bayyana Captain Rock ba, ba ta kuma bayyana Marley Marl ba, domin ba muryar Burgess ce ke jan waɗannan faya-fayan ba, sunan NIA kuwa yana kan dukkansu.