Wasannin Hikaya na Kwamfuta: Asalinsu, Zuwansu Minna, da Martabobinsu

Tun kafin kwamfuta ta shigo ƙasar nan, mutanen yankin da yau ake kira Jihar Neja sun riga sun saba da irin hikayar da jarumi ke barin gida don neman wani abu mai wuyar samu, ya ratsa birane da dazuzzuka, ya yi arba da aljanu da mayaudara, sa'an nan ya komo da abin da ya fita nema; gama a gasar rubutu da aka shirya a Zariya cikin 1933, biyu daga littattafai biyar da aka buga 'yan Kagara ne suka wallafa su, watau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara. Wasannin da nake nufin ba da tarihinsu a nan irin wannan hikaya ce, illa dai an karɓe linzamin daga hannun marubuci an miƙa wa mai wasa, shi zai zaɓi sunan jarumi da sana'arsa da halinsa, shi kuma zai ɗauki alhakin duk abin da ya aikata a hanya.

Asalin al'amarin a Amurka yake, kuma da takarda da fensir ya soma. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da mutane ke zama kewaye da tebur, ɗaya yana ba da labari yana kuma yanke hukunci, sauran kowa ya ɗauki matsayin mayaƙi ko boka ko ɓarawo, ana jefa ƙuri'a don a san ko sara ya kama ko ya kuskure. Ba a yi shekara biyu ba sai ɗalibai masu amfani da na'urar PLATO ta Jami'ar Illinois suka ɗora wa kwamfuta aikin alƙalancin, alhali hukumomin jami'a ba su ajiye na'urar don wasa ba, har akan goge abin da suka rubuta. A 1981 aka sami Ultima na Richard Garriott da Wizardry na kamfanin Sir-Tech, waɗanda Japanawa suka ɗauka suka yi wa gyara irin nasu, suka haifar da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987. Daga nan zuri'ar ta rabu gida biyu, ta Yamma mai ba mai wasa zaɓi, da ta Japan mai jan sa a kan labari guda da aka riga aka tsara.

Duk wannan zamani ya wuce Minna ba ta da labari, ko da yake a 1983 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a garin, shekaru bakwai bayan ya zama hedikwatar jiha. Sai wajen ƙarshen ƙarnin da ya shige da farkon wannan, lokacin da kwamfutoci 'yan gwanjo da faya-fayan kwafi suka riƙa hawowa daga kasuwannin Legas, aka buɗe shagunan intanet da gidajen gem a Bosso da Tunga da sauran unguwanni, sa'an nan samarin garin suka san wasan allo. To amma gidan gem, bisa ga yadda aka gina sana'arsa, bai dace da wasan hikaya ba ko kaɗan. Ɗaki ne ƙarami mai benci biyu ko uku, da talabijin a kan tebur, da janareta yana ruri a bakin ƙofa. Yaro ya biya kuɗin wasa ɗaya, a buga ƙwallo minti goma, wanda aka ci ya tashi, na bayansa ya karɓi abin riƙewa tun bai huce daga gumin hannun na farko ba. Mai shago da ke lissafin man da janareta ke sha ba zai yarda mutum ɗaya ya tare na'ura sa'o'i arba'in yana karanta maganganun mutanen cikin allo ba, kuma ko ya yarda, sai da ɗan katin ajiya za a iya ci gaba daga inda aka tsaya jiya. Ga kuma wutar lantarki da ba ta zama, abin da ke ci wa mutum rai a jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro. A kan wannan sai a ƙara Turanci mai nauyi da aka rubuta labaran da shi. Saboda haka ƙwallo da dambe suka mallaki gidajen gem, wasan hikaya kuwa ya koma ɗakunan tsirarun ɗalibai masu kwamfutar kansu, ana aron faifai daga hannu zuwa hannu kamar yadda almajirai ke aron littafin da babu shi a kasuwa.

A tsakanin waɗannan tsiraru ne ake musun wanne ya fi wanne, kuma ban taɓa ganin an yi ittifaƙi ba, domin kowa da mizanin da yake awo da shi: wani kyan hoto, wani tsawon tafiya, wani zafin faɗa. Ni mizanina guda ne, watau gwargwadon yadda wasa ke riƙe wa mutum aikinsa ya yi masa hisabi a kai. Da wannan awo Diablo, duk da farin jininsa, yana can ƙasa, tun da ba a neman komai daga mai wasa sai sara da kwasar ganima. Final Fantasy VII na 1997, wanda ya zo a faifai uku, labari ne mai taɓa zuciya, sai dai mai wasa ɗan rakiya ne a cikinsa, abin da aka rubuta shi zai auku. Baldur's Gate na 1998, wanda kamfanin BioWare na wasu likitoci a Kanada ya shirya a faifai biyar, ya fi su daraja saboda abokan tafiyar jarumi suna da ra'ayin kansu, har wani ya yi fushi ya bar ayari idan halin shugabansa bai gamshe shi ba.

Fallout na 1997 nake ba matsayi na uku, kuma ina tsammanin wanda ya karanta Ruwan Bagaja zai gane shi nan take, gama nan ma saboda ruwa aka fita: jama'a suna ɓoye a wata mafaka ƙarƙashin ƙasa bayan yaƙin nukiliya, na'urar tace ruwansu ta lalace, aka tura saurayi ɗaya da wa'adin kwana 150 ya nemo abin gyara. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne kusan kowace matsala tana da ƙofa fiye da ɗaya, ta ƙarfi da ta dabara da ta lalama, har babban maƙiyin ma ana iya kayar da shi da hujja ba tare da an zare makami ba. Alhaji Imam, jarumin Ruwan Bagaja, ya komo gida ya warkar da ɗan sarki aka girmama shi. Jarumin Fallout kuwa da ya ceci mutanensa, sai shugabansu ya hana shi komawa cikinsu, don tsoron kada samari su yi koyi da shi su watse, kuma wannan butulci ya fi zama a zuciya bisa ga duk faɗan da aka yi kafinsa.

Planescape: Torment na 1999 ya ɗara shi da kaɗan. Jaruminsa yana farkawa ne a ɗakin ajiye gawa, bai san sunansa ba, an zana masa wasiyya a gadon baya, kuma sannu a hankali yake gano cewa ya yi rayuwa da yawa a baya, ya zalunci mutane da dama waɗanda har yanzu suke ɗauke da tabon zaluncinsa. Lalle duniyar da aka ƙaga masa tatsuniya ce, ba ta da haɗi da aƙidarmu, kuma mai hankali ya san haka tun daga farko; amma mas'alar da ke ƙarƙashinta, ko nadama tana iya sauya halin mutum, da kuma cewa mantuwa ba ta sauke haƙƙin wanda aka cuta, mas'ala ce da kowane ɗalibin babin tuba ya san nauyinta. Aibinsa kawai shi ne karatu ya yi masa yawa, har wasu kan gaji su ajiye.

Wanda nake ɗorawa a kan duka, ko da yake hotonsa ya fi na kowa rauni, shi ne Ultima IV na 1985. Garriott ya lura cewa a wasanninsa na farko hanya mafi sauƙi ta cin nasara ita ce sata da kashe bayin Allah, sai ya gina sabon wasa wanda babu wani azzalumin sarki da za a je a kashe; aikin mai wasa shi ne ya cika halaye takwas, watau gaskiya, tausayi, jarumta, adalci, sadaukarwa, mutunci, tsarkin ruhi da tawali'u, kuma na'ura tana rubuta masa aikinsa a asirce ba tare da ta faɗa masa ba. Akwai makauniya mai sayar da kayan haɗa magani, wadda za ta faɗi farashi ta bar mai saye ya ƙirga kuɗin da kansa; in ya rage mata ba za ta ce uffan ba, zai fita da kayansa lafiya, sai can gaba ya tarar an rufe masa ƙofar da yake buƙata saboda gaskiyarsa ta tawaya. Haka nan wanda ya buɗe akwatin wani, ko ya yi alfahari da aka tambaye shi. Malamanmu da ke tsoron kada wasa ya zama lagawu mai cinye lokacin salla da karatu suna da hujja, kuma ban ga wasan da ya kuɓuta daga wannan tuhuma gaba ɗaya ba, amma wannan ya fi kowanne kusa da kuɓuta. Ya fito ne Jami'ar Fasaha ta Minna tana da shekara biyu kacal, don haka galibin waɗanda suka san shi a garin nan daga baya suka iske shi, bayan da masu shi suka yarda a raba shi kyauta a intanet, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana iya ɗaukarsa.