Injin motar tsere da ta yi haɗari a jikin wata mota: yadda aikin yake a Magazin ta Kumasi

A Kumasi ba a yi wa inji jana'iza tare da motarsa. Idan mota ta yi haɗarin da gyaran bodinta ya fi kuɗinta, injin da giyabos da duk abin da ya tsira sukan bi hanyar Suame, unguwar makanikai da ke arewacin birnin a kan titin Offinso da Techiman, wadda kowa ke kira Magazin. Daga cikin ayyukan da ake yi a can akwai wanda matasa masu son gudu suka fi sha'awa: a ciro injin motar tsere da ta ragargaje a dasa shi a wata mota mai turbo domin a ƙara mata ƙarfi. Aikin yana yiwuwa, amma injin kaɗai bai kai rabin abin da ake buƙata ba.

Sunan Magazin ya samo asali ne daga rumbun makaman sojan mulkin mallaka, inda makanikai suka fara taruwa a shekarun 1930, kafin a mayar da su Suame a 1962. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum kusan 200,000 ke cin abinci a wurin, daga makanikai da masu walda da masu lanƙwasa ƙarfe zuwa dillalan kayan gyara. A 1980 jami'ar KNUST ta buɗe cibiyar ITTU a cikin unguwar don koyar da aikin injinan sassaƙa ƙarfe, a 2013 kuma masu sana'ar wurin, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta SMIDO, suka haɗa kai da wasu ƴan ƙasar Holan biyu, Melle Smets da Joost van Onna, suka ƙera wata mota mai suna Turtle 1 cikin mako 12 daga kayan motoci daban-daban. Matasan zango daga Aboabo da Asawase da Sabon Zango suna cikin masu koyon aiki da dillanci a can, manyan motocin Nijar da Burkina Faso da Mali kuma sun daɗe suna tsayawa gyara, shi ya sa Hausa ke yin ciniki a wurin kusa da Twi.

Inda injinan ke fitowa

Kaɗan ne daga haɗurran cikin Ghana. Mafi yawa suna shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema a cikin kwantena, su sauka a kasuwar Abossey Okai ta Accra ko su wuce Kumasi. Irin kayan da ake kira tokumbo a Najeriya, ko France au revoir a ƙasashe masu Faransanci, a Ghana hom-yus ake ce musu. Wasu daga wuraren gwanjon motocin haɗari na Amurka suke, kamar Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka biya diyyarsu. Wasu daga Japan, galibi ta hanyar Sharjah. Tun 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama kuma ba ta karɓar motoci masu sitiyari a dama, don haka motar Japan sai an yanka ta biyu a kawo rabin gaba a matsayin kayan gyara.

A 2020 majalisar dokoki ta zartar da gyaran dokar kwastan mai lamba 1014, wadda ta haramta shigo da motocin haɗari da waɗanda suka haura shekara 10, don a ƙarfafa kamfanonin da ke harhaɗa motoci a cikin gida kamar Volkswagen. Dillalai da makanikai suka yi ca, gwamnati ta dakatar da aiwatarwa kafin watan Nuwamban da aka tsara farawa.

Misali mafi sauƙin fahimta

Masu kallon finafinan tsere sun fi jin sunan 2JZ-GTE, injin Toyota Supra mai silinda shida da turbo biyu, ko injin Nissan Skyline. Waɗannan sun yi tsada a duniya, kuma dasa su a motar da ba a yi ta dominsu ba aikin yanka da walda ne na watanni. Abin da ya fi kusa da aljihun mai mota a yankinmu shi ne dangin Volkswagen da Audi.

Motar Audi TT da aka fara sayarwa a 1998 da Golf ta huɗu a kan shasi iri ɗaya aka gina su, kuma dukansu suna da inji mai lita 1.8 da turbo. Bambancin shi ne na Golf ɗin da aka fi samu yana ba da ƙarfin doki 150, na babbar TT kuwa 225, wato ƙarin rabi. An samu wannan ƙarin ne ta hanyar turbo mafi girma, K04 a madadin K03, da na'urar sanyaya iska guda biyu, da nozul masu zubo fetur da yawa, da kuma lissafin da aka rubuta a ƙwaƙwalwar injin, wadda makanikai ke kira birenbos. Da yake mazaunin injin ɗaya ne, yana zama a cikin Golf ba tare da an yanka komai ba. A Passat da Audi A4 na wancan zamani lamarin ya bambanta, domin injinsu a tsaye yake daga gaba zuwa baya, na TT kuwa a gicciye, ko da yake sunan injin iri ɗaya ne. Mutane da dama sun sayi inji saboda wannan suna sun tarar ba ya shiga.

Turbo na'ura ce da hayaƙin inji ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti, tana danna iska cikin silinda don a ƙona fetur mai yawa. Iskar da aka danna tana zafi, bakin man injin ne kuma ke shafa ƙarfen turbon yana sanyaya shi. Duk matsalar da ke biyo baya daga zafi ko daga mai take tasowa.

Abin da haɗarin ya bari a ciki

Tambayar farko ga dillali ita ce ta ina motar ta bugu. Wadda aka daka daga baya ko daga gefe ita ake nema. Bugun gaba yana fasa kunnuwan da ke riƙe injin, ya tsaga kwanon bakin mai, wani lokaci ya sa bel ɗin tayimin ya yi tsalle, a wannan inji kuwa idan bel ya kuskure fistin na dukan bawul. Motar da ta kife injinta na ci gaba da aiki na iya rasa mai na ƴan daƙiƙoƙi, kuma wannan ya isa ya cinye metal ɗin karanshaf ba tare da wata alama daga waje ba. Mafi yaudara ita ce motar ambaliya, wadda ke cika gwanjon Amurka bayan kowace babbar guguwa: bodi lafiya lau, amma idan injin ya zuƙi ruwa konrod na lanƙwasa, wayoyi kuma su riƙa cin tsatsa sannu a hankali.

Makanike mai hankali zai juya karanshaf da hannu ya ji ko yana tafiya sumul, ya cire fulogi ya duba, ya auna matsin kowace silinda ya ga ba su yi wa juna nisan da ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. Zai buɗe kwanon mai ya nemi ɓarɓashin ƙarfe ko man da ya koma kamar madara, ya taɓa fankar turbo ya ji ko tana gogar jikin gidanta. Tun injin yana ƙasa ake canza bel da famfon ruwa da rariyar tsotso mai da bututun da ke kai wa turbo mai, domin wannan inji ya yi suna wajen daskarar da mai idan an yi masa sakaci.

Inda aikin ya fi tsayawa shi ne wuta. Ƙwaƙwalwar injin da agogon dashbod da makulli suna gane juna ta hanyar na'urar hana sata. Idan aka kawo ɗaya babu sauran, motar za ta tashi ta mutu nan take, sai an nemo mai kwamfuta ya daidaita su. Golf ɗin farko-farko totur ɗinsu na waya ne, na TT kuwa na lantarki, don haka har fedar sai an canza. Wannan ne dalilin da ya sa rabin mota da aka yanko da wayoyinta da makullinta ya fi injin da aka ajiye tsirara a kan taya, ko da ya fi shi tsada. Hannun Magazin a kan ƙarfe ba shi da na biyu a yankin, amma ba kowane gareji ke da na'urar karanta ƙwaƙwalwa ba, kuma gara a tambaya kafin a sauke tsohon injin.

Sai sauran motar. Kuloci da aka yi don ƙarfin juyi na 210 ba zai daɗe a ƙarƙashin 280 ba. TT mai doki 225 da ƙafa huɗu take ja, Golf kuwa da biyun gaba, don haka bututun salansa sai an gyara, tayoyin gaba kuma za su ɗauki nauyin da ba su saba ba. Faifan burkin gaba na TT milimita 312 ne, na Golf ɗin 288, kuma suna musanyuwa, saboda haka barin su a jikin motar da ta mutu asara ce. Wanda ya ƙara rabin ƙarfi ya bar tsohon burki a kan hanyar Kumasi zuwa Tamale, mai cike da manyan motoci da babura, da ransa da na fasinja yake wasa.

Fetur ma abin lura ne. Wannan inji yana son mai lamba 95 zuwa sama. A manyan gidajen man Ghana ana samun 95, amma na yau da kullum 91 ne, na kwalba a bakin hanya kuwa babu mai sanin lambarsa. Ƙaramin mai da zafin watan Afrilu a Yamai ko Maraɗi suna sa fetur ya fashe kafin lokacinsa, ƙwaƙwalwar ta rage ƙarfi don kare injin, idan abin ya yi yawa fistin ya narke. Ga direban haya da ke lissafin kowace lita, dasa irin wannan inji ba ya biyan kansa.

Takardu

Lambar inji tana cikin bayanan rajistar mota a hukumar DVLA, don haka wanda ya canza inji sai ya kai motar a duba a gyara bayanan, ya kuma sanar da kamfanin inshora, in ba haka ba kamfanin na iya ƙin biya ranar haɗari. Ya kamata a riƙe rasiɗin dillali mai ɗauke da lambar injin da lambar shasin motar da aka ciro shi. A ƙarshen 2022 hukumar EOCO mai yaƙi da manyan laifukan kuɗi ta ƙwace motocin alfarma da ake zargin an sato su daga Amurka da Kanada, kuma injin da aka goge lambarsa yana jawo irin wannan zargi a kan mai shi.

Ga wanda zai tsallaka iyaka ta Paga zuwa Burkina Faso ko ta Aflao zuwa Togo, jami'an duwan da jandarmomi suna iya gwada abin da ke rubuce da abin da ke jikin ƙarfe. Motar da ke da rajistar Nijar ko Benin kuwa, idan an yi mata aikin a Kumasi, a ƙasarta ake gyara carte grise ɗinta, kuma rasiɗin Suame da takardar kwastan ta injin su ne za a nema a can.