Daga garke zuwa aljihu: tarihin da ke cikin kalmar kuɗi

Yau Iran za mu leƙa, ƙasar da a da Larabawa ke kira Farisa.

Da yawa cikinmu kan ɗauka Farisanci wani reshe ne na Larabci, tunda da baƙaƙen Larabci ake rubuta shi. To, ba haka ba ne. Mu ma ai muna rubuta Hausa da ajami, amma Hausa ba ta zama Larabci ba. Dangin Farisanci su ne Sanskirit na tsohuwar Indiya, da Latin na Rumawa, da Girkanci, har da Faransanci da Ingilishi. Ku ji: uwa a Farisanci "madar" ce, uba "pedar", ɗan'uwa "baradar". Wanda ya ɗan taɓa boko a Nijar zai tuna "mère" da "père" da "frère".

A shekarar 1786 wani alƙalin Ingila mai suna William Jones ya yi jawabi a birnin Kalkata, ya ce waɗannan harsuna daga tushe guda suka fito. Yawancin masana a yau na ganin masu wancan harshe na asali makiyaya ne, da suka zauna a filayen ciyawa arewa da Baƙin Teku, shekara 5,000 zuwa 6,000 da suka wuce.

Ga inda zancen ya shafe mu. A Sanskirit dabbar kiwo "pashu" ce, a tsohon harshen Iran na littafin Abesta "pasu", a Latin kuma "pecus". Daga "pecus" ɗin nan Rumawa suka samo "pecunia", wato kuɗi. Ashe kafin a ƙera tsaba, da garke ake auna arzikin mutum. Bafulatani ba zai yi mamaki ba, don a Fulfulde "jawdi" na nufin dukiya, yana kuma nufin dabbobi.

Kalma ma takan gajarce saboda yawan faɗi, kamar yadda tsohon kwabo ke sudewa a hannu. A Iran an haɗa kalmar dabba da "pana", mai tsaro, baki ya yi ta gutsure ta har ta koma "shaban" ko "chupan", wato makiyayi. Turkawa suka ara, suna cewa "choban".

Wasu kalmomin har runfunanmu suka iso. Sukarin da kuke saye a Maraɗi ko Jibiya ya taso daga "sharkara" na Sanskirit, ya zama "shakar" a Farisa, Larabawa suka ce "sukkar", fatake suka kawo mana. Firdausi kuwa asalinta tsohuwar kalmar Iran ce mai nufin lambu da aka kewaye da katanga.

Saboda haka, malam makiyayi, ran da wani ya raina sandarka a kara don yana riƙe da damin sefa ko naira, ka tuna masa cewa a bakin Rumawa ma, daga garke kuɗi ya samo sunansa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.