Hanya Ta Girmi Iyaka

Na taso a ƙasar Illo, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, inda tsofaffinmu ba su cewa za su ƙasar waje idan sun nufi Segbana ko Malanbil. Cewa suke za su gaida dangi.

Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake daga Kano da Sakkwato kan ƙetare Kwara ta wannan yanki, su ratsa Bargu zuwa Gwanja, su kai kanwa, su dawo da goro. Madugu kan biya kuɗin fito, sarki ya ba shi zango da tsaro.

A ranar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniya a Faris, suka raba Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila. Layin da suka ja ya ratsa gonaki da makiyaya, ya raba Dandawa da Kyangawa da Fulani da 'yan uwansu, ba tare da an tambayi kowa ba.

Bayan samun 'yanci, manufa ta riƙa kai-kawo. A 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince ɗan yankin ya shiga kowace ƙasa ba biza, ya zauna kwana 90, muddin yana da takardar tafiya. Amma a 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin haure fiye da miliyan ɗaya. A 1984 aka rufe iyakoki, aka sake rufewa a Agustan 2019 domin daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur.

A wannan rufewa ta 2019 ne gwaggona ta rasu a ɗaya ɓangaren. Mahaifina, wanda bai taɓa mallakar fasfo ba, ya hau babur ta ɓarauniyar hanya don ya samu jana'iza. A idon doka, ranar nan baƙon haure ne. A idon dangi, ƙane ne da ya sauke haƙƙin 'yar uwarsa.

Ba na musun cewa iyaka na buƙatar tsaro, domin masu safarar makamai da mutane ma suna bin dajin. Sai dai na ga abin da rufewa ke haifarwa: mai gaskiya da mai laifi su haɗu a turba guda, kuɗin ɗan babur ya ninka, hukuma ta daina sanin wanda ya shiga da wanda ya fita.

Sarakunan da sun karɓi kuɗin fito, amma sun bar mashigi a buɗe, shi ya sa suka san kowane madugu da sunansa. A kawo wa mutanen bakin iyaka takardar shaida mai sauƙin samu, su bi ta ƙofa da rana tsaka. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafa ba ta karanta taswira.