Kwatano da Maƙwabtanta: Daga Jan Tauraro Zuwa Bututun Mai

Mutumin Wurma ko Kurfi da ya shiga kasuwar Dutsin-Ma ba ya buƙatar a yi masa bayanin Kwatano. Ya san mota 'yar Kwatano, ya san gwanjo, ya san shinkafar da ta riƙa bi ta Maraɗi ta ɓullo Jibiya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙasar da ke da wannan tashar jiragen ruwa, Jamhuriyar Benin, ta shekara goma sha biyar tana kiran kanta ƙasar gurguzu, kuma duk sauyin abokan da ta yi bai taɓa raba ta da wannan hanya ta arewa ba.

Hanyar ma ta girmi ƙasar. Fataken goro daga Kano da Sakkwato ta Nikki da Djougou suke bi zuwa Gwanja, har yau kuma akwai zangon Hausawa a Parakou da Kwatano. Da Dahomey, sunanta na lokacin, ta sami 'yanci daga Faransa ran 1 ga Agustan 1960, ta gaji layin dogo daga Kwatano zuwa Parakou wanda ita da Nijar suke gudanarwa tare. Zaman bai rasa tsami ba. A 1963 suka yi sa-in-sa kan tsibirin Lete, Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahomey, kuma sai a 2005 Kotun Duniya ta ba Nijar tsibirin.

Bayan juyin mulki iri-iri, Manjo Mathieu Kerekou ya karɓi ragama ran 26 ga Oktoban 1972. A ƙarshen Nuwamban 1974 ya ce ƙasa ta rungumi aƙidar Markis da Lenin, bayan shekara guda ya sauya mata suna, aka ɗaga koriyar tuta mai jan tauraro. Gwamnati ta ƙwace bankuna da kamfanonin mai. Ɗalibai suka nufi Tarayyar Sobiyet da Kyuba, aka ƙulla zumunci da Koriya ta Arewa da Libiya, Sin kuwa ta gina babban filin wasa a Kwatano wanda aka buɗe a 1982.

Wannan matsayi ya jawo mata maƙiya. Da safiyar 16 ga Janairun 1977 jirgi ya sauka a filin jirgin saman Kwatano ɗauke da sojojin haya ƙarƙashin Bafaranshe Bob Denard. Cikin 'yan sa'o'i aka fatattake su, suka gudu suka bar takardunsu a baya. Benin ta zargi Maroko da Gabon da hannu a ciki. Ita Maroko dama tana fushi don Benin ta amince da jamhuriyar Yammacin Sahara. A 1978 Kerekou da shugaban Gabon Omar Bongo suka yi cacar baki a taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Khartoum, talakawa kuma suka sha ukubar: Gabon ta kori dubban 'yan Benin da ke neman abinci a can.

A ganina, abin da Kerekou bai taɓa ba ya fi abin da ya sauya bayyana gaskiyar lamarin. Duk zafin jawabansa kan 'yan mulkin mallaka, bai fita daga kuɗin sefa ba, bai yanke hulɗa da Faransa ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ECOWAS a Legas a 1975, ya kuma yi tarayya da Najeriya a masana'antar siminti ta Onigbolo da ta sukari a Save. Baitulmalinsa ya dogara ne ga harajin kayan da ake saukewa a Kwatano a wuce da su Najeriya da Nijar. Shi ya sa da Janar Buhari ya rufe iyakoki a Afrilun 1984, Mosko ba ta da maganin ciwon.

Zuwa 1989 bankuna sun durƙushe, malamai da ma'aikata sun yi watanni ba albashi, gwamnati ta miƙa wuya ga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, a Disamba kuma ta yar da aƙidar gurguzu. Taron ƙasa na Fabrairun 1990, wanda limamin Katolika Isidore de Souza ya jagoranta, ya zare iko daga hannun Kerekou ba tare da an zubar da jini ba, kuma Nicephore Soglo, tsohon jami'in Bankin Duniya, ya kayar da shi a zaɓen 1991. Nijar ta yi irin wannan taro a shekarar. Ƙasashen Yamma suka yi ta yabo da tallafi, har aka sanya hannu kan yarjejeniyar Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka, Karebiyan da Fasifik a Kwatano a 2000.

Yabon bai hana Najeriya sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa ba, kuma magidanta a Katsina sun ji a jikinsu yadda 'yan kasuwar Kwatano suka ji. Mafi ciwo shi ne abin da ya biyo juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Shugaban Benin na lokacin, Patrice Talon, ya bi takunkumin ECOWAS ya toshe gadar Malanville da ke kan iyakarsu da Nijar, manyan motoci suka yi cirko-cirko, mutanen Gaya ta Nijar suka koma tsallaka kogi a kwalekwale. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ta ƙi buɗe nata ɓangaren, tana zargin Benin da ba sojojin Faransa mafaka. Talon ya rama a watan Mayu da hana lodin ɗanyen man Nijar na Agadem da ke zuwa Seme a Benin ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000, sai da Sin, wadda kamfaninta ya shimfiɗa bututun, ta shiga tsakani.

Ran 7 ga Disamban 2025 wasu sojoji suka bayyana a talabijin suka ce sun hamɓarar da Talon. Gwamnatinsa ta nemi agajin Abuja, jiragen yaƙin Najeriya suka tashi, yunƙurin ya wargaje a ranar.